Ɗanmu Ya Gama Karatu, Ga Shi A Gida

A ziyarar da muke kaiwa ƙauyuka, da wuya mu tashi daga taro ba wata uwa ta ja mu gefe ba, ta ce, "Malam, yarona ya gama bautar ƙasa, shekara biyu ke nan yana zaune." Wani lokaci takardun yaron suna cikin leda a hannunta. Ba mu da aikin da za mu raba. Amma wasu cikinmu sun ɗanɗana wannan zama bayan mun karɓi difloma, shi ya sa muka ga ya kamata mu yi maganar a fili.

Abu na farko, yawanci laifin ba na yaron ba ne. Lokacin da Janar Gowon ya kafa bautar ƙasa a 1973, jami'o'i 6 ne a Nijeriya duka. Yau sun wuce 250, ban da kwalejojin ilimi da na fasaha. Wuraren aiki kuwa ba su ƙaru haka ba. Manyan masaƙun Kaduna da suka ɗauki iyayenmu da yawa sun rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33 cikin 100 na masu iya aiki ba su da aikin yi. A 2023 ta sake yadda take lissafi, duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako aka sa shi cikin masu aiki, sai adadin ya sauko wajen kashi 4. Lissafi ne ya sauya, tukunyar gida tana nan yadda take.

Manya za su tuna da watan Maris na 2014. Hukumar shige da fice ta nemi ma'aikata ƙasa da 5,000, matasa fiye da 500,000 suka nema, kowa ya biya naira 1,000. Aka tara su a filayen wasa, aka yi turmutsitsi, fiye da mutum 15 suka rasu. Waɗannan ba ragwaye ba ne.

Don haka idan muka tare yaro a ƙofar majami'a kowace Lahadi muna cewa, "Har yanzu ba a kira ka ba?" nauyi muke ƙara masa. Ya san an sayar da awaki, an sayar da hatsi tun bai bushe ba, don a biya masa kuɗin makaranta. Ba ya bukatar tuni. Wasu saboda wannan tambaya suke daina zuwa sujada, ko su gudu birni su raɓe a ɗakin aboki, suna turo labarin da ba gaskiya ba.

Ga gargaɗi ga iyaye. Akwai masu yawo suna cewa suna da gurbin aiki a gwamnati, a kawo dubu ɗari kaza. Mun ga gidan da ya jinginar da gonar gado, aka ba shi takardar ɗaukan aiki ta jabu, mutumin kuma ya kashe wayarsa. Kada ku sayar da ƙasa don sayen aiki. Kada kuma a miƙa wa kowa ainihin takardar shaida, a ba da kwafi.

To, me ke riƙe bege? A ganinmu, wanda yake da dalilin tashi da safe ba ya saurin karaya. Ku matasa, ku ci gaba da cika takardun neman aiki, amma kada ya zama shi kaɗai ne aikinku. Wanda yake bautar ƙasa yanzu, alawus ya kai naira 77,000 a wata tun 2025. Kuɗin ba ya kai ko'ina da tsadar nan, duk da haka dubu goma da aka ɓoye kowane wata ya isa sayen 'yan tsaki da abincinsu na farko. Tun 2012 ana koyar da sana'a a sansanin bautar ƙasa, kada ku ɗauke shi lokacin barci. Hukumar samar da aikin yi ta NDE tana da ofis a kowace jiha, tana kuma haɗa matasa da masu koyar da sana'a.

A nan gida ma akwai abin yi: noman rani a bakin rafi, gyaran sola da waya, koya wa yara darasi kafin jarrabawa, riƙe wa ƙungiyar manoma littafin kuɗi. Ba mu ce babu asara ba. Manoman citta a kudancin Kaduna sun sha wuya a 2023 da cuta ta ruɓar da gonaki. Shi ya sa muke cewa a fara da kaɗan, kuma ba da bashi mai ruwa ba. Wanda ya ce digiri ya fi ƙarfin fartanya, ya tuna Manzo Bulus mai ilimi ne, ya kuma ci abinci da ɗinkin tanti.

Ikilisiya tana da nata rabo. Dattawa su iya ba matasa aron fili na damina ɗaya ko biyu. Zumuntar mata, ku da kuka ƙware a adashe, ku sa 'yan mata da suka gama karatu a ciki, maimakon a hanzarta musu aure don kawai aiki bai zo ba.

Ku kuma lura da yaron da ya daina fita, ba ya cin abinci, ba ya barci, ko ya fara sha da ƙwaya, ko yana cewa gara ya mutu. Wannan ba taurin kai ba ne. A zauna da shi ba da faɗa ba, a kira fasto ko wani babba da yake jin maganarsa, a kuma kai shi asibiti a cikin makon nan.