Tsohuwar Kwamfutar Gida da Manhajar da Aka Yi Waƙafinta

A unguwar Ƙofar Dundaye, wadda ƙofarta ɗaya ce daga ƙofofin birnin Sakkwato da Muhammadu Bello ya kafa a 1809, kuma ta ɗauki sunan garin nan da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta yi mazauninta na dindindin a cikinsa, ba abin mamaki ba ne ka tarar da gidan malami ko na ma'aikaci da wata tsohuwar kwamfuta a kan kabad ko a ƙarƙashin gado, wadda aka saya ta hannu shekarun baya, ta yi hidima iyakar ƙoƙarinta, sa'an nan nauyi ya kama ta, har ya zama in an kunna ta sai an sha shayi an ƙare kafin ta buɗe. Masu ita sukan yanke hukuncin cewa ajalinta ya yi, alhali kuwa sau da yawa ƙarfen lafiyarsa lau, illar tana ga babbar manhajar da ke tafiyar da ita, wato Windows.

Asalin mas'alar shi ne, kamfanin Microsoft yakan yanka wa kowace Windows wa'adi, in ya cika sai ya daina aiko mata da gyare-gyaren tsaro. Wa'adin Windows 7 ya ƙare a Janairun 2020, na Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai fa wanda ya shiga wani shiri na ƙarin lokaci. Ita kuwa Windows 11 da ta gaje su ta zo da sharuɗɗa masu tsauri, domin tana neman wani ɗan guntun na'urar tsaro mai suna TPM 2.0, kuma galibin kwamfutocin da aka ƙera kafin wajen 2017 ba ta yarda da su. Ke nan mafi yawan waɗanda 'yan kasuwa suka yi ta shigo mana da su daga Turai ta hanyar Legas an rufe musu ƙofa, ba don sun gaza ba, sai don maƙerin manhajar ya ga maslaharsa tana wani wuri.

To, akwai wata hanya, kuma ba sabuwa ba ce. A 1983 wani masani a Amurka, Richard Stallman, ya ɗaura niyyar samar da babbar manhaja wadda kowa zai sami izinin aiki da ita, da karanta asalin rubutunta, da gyara ta, da raba ta ga wanda ya so, ya kira aikin GNU. A 1991 kuma wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta jigon da ya cike giɓin, wanda aka sani da Linux. Sharaɗin lasisinsu mai ban sha'awa ne ƙwarai, domin cewa ya yi duk wanda ya gyara ya kuma raba, wajibi ne ya bar wa na bayansa irin 'yancin da shi ma ya tarar.

Ina ganin babu mutanen da ya kamata su fi saurin fahimtar wannan tsari kamar Sakkwatawa, gama littattafan Shehu da na Abdullahin Gwandu da na Bello ba da kuɗin lasisi suka kai Kano da Katsina da Adamawa ba, sai ta hannun almajiran da suka ari kofi suka kwafa, wani ya yi sharhi, wani ya ƙara hashiya a gefen takarda, aka ambaci sunan mawallafi aka yi masa addu'a, ba a taɓa jin wanda ya ce an yi masa sata ba. Malamanmu kuma har kullum suna tsoratarwa a kan ɓoye ilmi. Akwai kuma wata magana da ba a cika son a taɓo ta ba, ita ce da yawa daga Windows ɗin da masu gyara ke ɗora wa mutane kwafi ne da aka fasa makullinsa ba da yardar mai shi ba. Ban kai matsayin ba da fatawa ba, amma wanda zuciyarsa ke ƙyamar shubuha ga mafita ta samu, tun da shi Linux mai shi ne da kansa ya halatta a kwafa.

Iri-irinsa suna da yawa har su rikita baƙo. Akwai Debian da aka fara a 1993, akwai Ubuntu wadda wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya assasa a 2004, akwai kuma Linux Mint, wadda ita nake zaɓar wa mai farawa saboda fuskarta ta yi kama da abin da ya saba gani. Masu ita sun ce ƙwaƙwalwar aiki ta gigabayit 2 da wurin ajiya na gigabayit 20 sun wadatar, ko da yake 4 ta fi daɗin aiki, kuma fitowarta ta 22 za ta ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Kwamfutar da ta tsufa tukuf kuwa sai a nema mata antiX, mai sauƙin nauyi.

Yadda ake yi kuwa, da fari mutum ya kwashe hotunansa da takardunsa ya adana a wani wuri dabam, wannan ba abin sakaci ba ne, domin ɗora sabuwar manhaja na iya shafe duk abin da ke ciki. Sa'an nan a sauko da Linux Mint daga intanet, abin da zai ci data wajen gigabayit 3, a rubuta ta a kan filash, kuma filash guda ya ishi unguwa duka. Babbar fa'idar ita ce ana iya tayar da kwamfutar daga filash ɗin a jarraba komai, sauti da intanet da firinta, ba tare da an taɓa Windows ba, sai an gamsu a ɗora. A tabbata dai akwai wuta ko cikakken caji, kada ta ɗauke ana tsakiyar aiki.

Da an gama za a tarar da LibreOffice na rubutu da lissafi, wadda ke buɗe takardun Word, da Firefox na shiga intanet, har da tsarin madannai na Hausar Nijeriya mai fitar da ɓ da ɗ da ƙ, abin da marubutanmu suka daɗe suna fama da rashinsa. Yaron da zai zauna jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 aka mayar da ita kan kwamfuta baki ɗaya, ya sami inda zai saba wa yatsunsa a gida. Ƙwayoyin cutar nan kuma da filash ke kwasowa daga shagunan buga takardu, akasarinsu don Windows aka ƙirƙire su, ba su da tasiri a nan.

Amma adalci ya wajabta a faɗi naƙasu. CorelDraw da Photoshop ba su aiki a kan Linux kai tsaye, kuma ko da yake Inkscape da GIMP suna maye gurbinsu, wanda abincinsa ke ga zanen katin biki da kalanda, abokan cinikinsa kuma na kawo masa aiki a tsarin Corel, gara ya zauna inda yake. Wata takardar Word mai ado da yawa takan ɗan karkace in an buɗe ta. Haka kuma Linux ba ya rayar da mataccen batir, ba ya share ƙurar hunturu da ta toshe fanka, balle ya rage zafin bazarar Sakkwato da kan haura digiri 40. Waɗannan aikin mai gyara ne, kuma in da hali a sa ya canza tsohon faifan ajiya da irin na SSD, bambancin sauri zai bayyana nan take.

Saboda haka ina roƙon masu gyaran kwamfuta na cikin birni da ɗaliban sashen kwamfuta na jami'armu, kowa ya riƙe filash guda mai ɗauke da Linux Mint a aljihunsa, ya nuna wa maƙwabta. Kai kuma mai karatu, kafin ka miƙa wa 'yan gwangwan tsohuwar kwamfutarka, ka sa a jarraba ta tukuna.