Ko Kun Sani? Fuskar baƙo da amana

A 2006, Janine Willis da Alexander Todorov na Jami'ar Princeton, Amurka, sun gano cewa kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa ya ishi mutum ya kalli fuskar baƙo ya yanke hukunci: mai amana ne ko a'a. Ƙarin kallo yakan ƙara masa tabbaci ne kawai. Sai dai saurin hukunci ba ya nufin an dace. Fara'a da son jama'a kan bayyana nan take, amana kuwa fuska ba ta cika nuna ta ba. Misali, a kasuwannin dabbobin yankin Damargu, kamar Tanut da Belbeji, mai saye kan buɗe bakin raƙumi ya duba haƙoransa da kansa, amma makiyayin da ya koro raƙumin daga Tenhya, dillalin da ya san shi ne ke tsaya masa.