Sasanta ma'aurata ta intanet: Shin ya kai zaman ido-da-ido?

Kafin shekarar 2020, ma'auratan da rikici ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a tsakaninsu a ƙasashe irin su Amurka da Ingila sukan je ofishin ƙwararren mai ba da shawara kan zaman aure, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa. Da annobar korona ta sa aka rufe ofisoshi, sai zaman ya koma manhajoji irin su Zoom. Ko da aka buɗe gari, da yawa sun ci gaba da yin sa ta waya. Shin zaman da aka yi ta allon waya na iya ɗinke aure kamar wanda aka yi a ɗaki ɗaya?

Abin da bincike ya gano

Masu bincike a Jami'ar Curtin da ke Ostareliya sun raba ma'aurata 30 gida biyu: wasu suka riƙa ganawa da mai ba da shawara ido-da-ido, wasu kuma ta bidiyo. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa jin daɗin zaman aure ya ƙaru a ɓangarorin biyu, ba tare da wani bambanci na a zo a gani ba. Sai dai adadin ya yi kaɗan a yanke hukunci da shi kan kowa.

A Amurka kuwa, Brian Doss na Jami'ar Miami da abokan aikinsa sun gwada shirin OurRelationship, wanda ma'aurata ke bi a intanet da taimakon mai jagora ta waya. A binciken da suka wallafa a 2016 kan ma'aurata 300, waɗanda suka bi shirin sun fi waɗanda ke jiran layi samun gamsuwa da zamansu.

Riba da cikas

Zama ta intanet na rage wahalar tafiya da kunyar a ga mutum yana shiga ofis, kuma yana haɗa miji da matar da aiki ya raba su gari.

Amma akwai abin da kyamara ba ta ɗauka. Masanin halayyar ɗan Adam John Gottman ya ce raini ne babbar alamar da ke nuna aure ya doshi rabuwa, kuma sau da yawa a jiki yake bayyana, ta harara ko juya baya. A ƙaramin allo, irin wannan na iya wuce mai sasantawa. Mafi haɗari shi ne inda ake duka: matar da mijinta ke zaune kusa da ita ba za ta iya faɗin gaskiya ba. Shi ya sa ƙwararru ke fara ganawa da kowanne shi kaɗai.

A Arewacin Najeriya, iyaye da waliyyai da limamai da Hukumar Hisbah ne aka saba kai wa ƙara. Amma magidancin da ke neman abinci a Legas alhali iyalinsa na Kano na iya amfana da zaman bidiyo, in akwai kuɗin data da sabis mai ƙarfi da ɗakin da ba kunnen kowa.

Ko ta wace hanya aka bi, sulhu ba ya yiwuwa sai ɓangarorin biyu sun yarda su saurari juna.