Gona Ba Ta Jiran Mai Kyamara

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau muna ƙasar Maska ne, a kudancin jihar Katsina, yankin Funtua da Malumfashi, inda masara da dawa da auduga da waken soya ke riƙe da gidaje. Za mu duba wata sana'a ce da ta tsiro a gefen gona, wato haɗa bidiyo da sauti da hoto, da yadda ake tafiyar da irin wannan aiki tun daga ranar da aka ƙudurta shi har ranar da ya shiga wayar mai kallo.

Duk wanda ya zaga Funtua ko Bakori ko Malumfashi a 'yan shekarun nan ya ga matasan da nake magana a kansu. Wannan na ɗaukar biki, wancan na ɗaukar karatun malam, wani na haɗa wa mai sayar da taki da maganin feshi talla, wasu kuma sun yi ƙungiya suna shirya wasa mai dogon zango don YouTube. Basira kam akwai ta. Kayan aiki ma, ko ba su kai na Kano ba, suna fitar da mutum kunya. Abin da ya fi durƙusar da ayyukan nan shi ne rashin mai riƙe da littafi: mutum guda da ya san me za a ɗauka, yaushe, da nawa, da izinin wa, kuma ina za a adana abin da aka ɗauko.

Wannan yanki ya daɗe da sanin kyamara. A shekarun 1950, zamanin majigi, lokacin da motar gwamnati ke shigowa gari a kafa farin allo a ƙofar fada bayan magariba, an shirya fim ɗin Baban Larai don jan hankalin manoma ga noman auduga na zamani, kuma a Daudawa aka ɗauke shi, ƙasar Faskari ta yau. Masu wancan aiki a kan zaren fim suke ɗauka. Ba a gogewa a sake, ba a kuma ganin abin da aka ɗauka sai an kai an wanke. Dole ce ta sa su tsara komai kafin su kunna na'ura. Daga baya, a 1975, aka kafa shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe, malaman gona suka bazu cikin ƙauyuka. Can a Samaru ta Zariya kuma cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello ta shafe shekaru tana buga ƙasidu da shirya wa manoma shirye-shiryen rediyo da talabijin. Yau wayar da ke aljihun ɗan sakandare tana ɗaukar abin da a da sai an ciko mota da kaya. Sauƙin nan ne ya sa muka saki tsari, tunda kowa na ganin in bai yi ba a sake. To, a gona akwai abin da ba a sakewa.

Mu ɗauka wata ƙungiyar manoma a Maska ta ba wasu matasa uku kwangilar bidiyo na minti 10 a kan noman masara, daga shuka har ɓara. A kunne ƙaramin aiki ne. Amma masara tana ɗaukar kwana 90 zuwa 120 gwargwadon iri, kuma kowane mataki yana da 'yan kwanakinsa. Ana shuka idan ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni. Takin farko cikin mako 2 da shuka. Sai noman firi, sai yuriya wajen mako na 5 ko na 6, sai huɗa. Tsutsar masarar nan da ta shigo Najeriya a 2016, in ana son nuna wa manomi yadda zai gane ta da wuri, sai an ɗauke ta a cikin kunnen shukar tun tana ƙarama, kafin ta yi wa ganye kaca-kaca. Minti 10 ɗin nan, ashe fita gona ce sau 7 ko 8 a cikin wata 4, kuma ba mai kyamara ke sa ranakun ba.

Ga yadda abin yakan kasance. An kwana ana ruwa, ƙasa ta jiƙa. Da asuba mai gona ya tashi 'yan ƙwadagonsa, buhun taki na bayan babur, don yau ce ranar zubawa. Ya kira mai kyamara, wayar a kashe, ba a kawo wuta ba tun jiya. Da aka same shi wajen ƙarfe 9, batirin kyamara saura kaɗan, makirufo na hannun wani abokinsa da ya tafi ɗaukar biki. Kafin ya iso an gama, ma'aikata na wanke hannu a bakin kududdufi. Zai roƙi a sake zubawa don kyamara? Da tsadar takin nan babu manomin da zai yarda. Zai dawo bayan kwana 10 a kwaikwaya? Shukar ta riga ta kai gwiwa, kuma manomin da zai kalli bidiyon zai gane da kallo ɗaya cewa ba a wannan girman ake zuba takin farko ba. Daga nan ya daina yarda da sauran abin da za a faɗa masa. Safiya ɗaya aka rasa, amma gyaranta sai baɗi.

Hausawa suka ce tun ran gini ran zane. Mai tafiyar da aiki, wanda 'yan fim ke kira furodusa ko manajan shiri, da rani yake fara nasa. Yakan zauna da mai gona da malamin gona su jera matakan noman a takarda, kowane da makon da ake sa ransa, da hotunan da ake buƙata a ciki: na nesa da ke nuna gonar duka, na kusa da ke nuna hannu da ramin taki, da bayanin manomin da bakinsa. Ya sa a yi alkawari cewa za a kira shi tun daren jajibiri. Batir a cike kullum, kayan aiki a jaka ɗaya, kuma ba a ara wa kowa su a makon da ake jiran ruwa. Dabarar da na fi yabawa ita ce a nemi gona ta biyu da aka shuka bayan ta farko da mako 1 ko 2. In an kuskure wani mataki a ta farko, ta biyu za ta fanshe shi.

Sai izini. Ba a shiga gari da kyamara kamar an shiga kasuwa. A fara da mai unguwa ko dagaci, a gaishe su, a faɗa musu abin da ya kawo mutum da inda hoton zai je. A halin tsaron da yankin nan ya shiga, baƙon da ke ɗaukar hoton hanyoyi da gonaki ba tare da sanin shugabanni ba yana jefa kansa da mai masaukinsa cikin zargi. Haka nan a yi tunani kafin a nuna rumbun mutum cike, ko garken shanunsa, ko a ambaci yawan buhunan da ya samu. Abin da ya shiga intanet ba a san idon da zai gan shi ba. In aikin ya shafi mata a cikin gida, masu sarrafa waken soya ko masu kiwon kaji, a nemi yardarsu da ta maigida, kuma a tura mace ta ɗauka. Amincewar kowa a naɗe ta da muryarsa a farkon ɗauka, a ajiye.

Sauti kuwa, mu ma'aikatan rediyo mun fi kowa sanin zafinsa. Mai kallo zai jure hoto mai duhu-duhu, amma ba zai jure maganar da ba ya ji ba. Iskar gona, ƙarar injin niƙa, babura, duk suna cinye murya. Ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga, da ɗan soso a kansa, da abin sauraro a kunnen mai ɗauka, sun fi sabuwar kyamara amfani. A ɗauka da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da rana ba ta sa mutum runtse ido.

Mu zo kan kuɗi, inda abota ta fi lalacewa. Yawanci akan yi ciniki a baki, a karɓi rabi, a cinye shi a fita 2 ta farko, sannan a shiga rigima. Kasafin irin wannan aiki ba kuɗin kyamara kaɗai ba ne. Akwai man babur na kowace fita, abincin ma'aikata, man janareta na kwanakin tacewa, kuɗin data, memori, ladan mai karanta bayani, da ɗan abin da za a ba wanda aka tsayar masa da aikinsa na yini. Waɗanda suka karɓi kwangila kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur, sun ga yadda farashin lita ya ninka kusan sau 3 cikin 'yan kwanaki, ana tsakiyar shuka. Shi ya sa masu sana'ar ke ware kashi 10 cikin 100 na kasafi don ko-ta-kwana. A raba biya kashi uku: na farawa, na bayan kammala ɗauka, na miƙa aiki. A kuma rubuta sau nawa mai aiki zai iya cewa a gyara. In ba a rubuta ba, shugaban ƙungiya zai ce a cire wannan, sakatare ya ce a mayar, edita ya yi wata guda yana aikin da ba a biya shi ba.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da shirin musamman, muna duba yadda ake tafiyar da aikin bidiyo da sauti a ƙasar Maska.

Akwai asarar da ba a cika faɗa ba saboda kunya, ita ce ɓacewar abin da aka ɗauka. Minti 1 na bidiyo mai kyau a waya yakan ci sama da megabayit 100. Waya ta cika, a goge wani abu cikin gaggawa, daga baya a tarar hoton ranar shuka ne. Ko memori ya lalace, ko a sace wayar a kasuwa. Ƙa'idar masu sana'ar a duniya ita ce kwafi 3, a ma'aji iri 2, ɗaya kuma a wani gida dabam. A kwafe a ranar da aka ɗauka, kafin a kwanta, a sa wa kowane fayil kwanan wata da sunan gona da matakin aiki. Kada kuma a dogara da intanet kaɗai. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Funtua da Bakori da Malumfashi, aka shafe kusan wata 3 a haka, daidai lokacin kaka. Mai son tura aiki sai ya hau mota ya fita yankin neman sabis.

Masu wasa mai dogon zango nasu nauyin ya ma fi haka, don mako ba ya jira. Ku dubi Izzar So, wanda Lawan Ahmad ya fara saki a 2020 a tashar YouTube mai suna Bakori TV. Fitar da kashi bayan kashi na buƙatar rubutu ya riga ɗauka, ɗauka ta riga tacewa, a kuma samu mai kula da kwantiniti da zai tuna hular da jarumi ya sa a fitowar da aka ɗauka makonni baya. A 2022 Allah ya yi wa daraktan shirin, Nura Mustapha Waye, rasuwa, Allah ya jiƙansa, shirin kuma ya ci gaba. Ina so matasanmu su tsaya a nan su tambayi kansu: in jagoran ƙungiyarmu ya kwanta ciwo gobe, akwai takardar da wani zai ɗauka ya ci gaba, ko komai a kansa yake? Masu sa ran kuɗi daga YouTube kuma su sani, a ƙa'idar da aka fi bi sai tasha ta tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara kafin ta fara cin kuɗin talla, kuma kiɗan wani da aka ɗora ba izini yana iya sa kuɗin ya koma aljihun mai kiɗan.

Mu koma ga bidiyon masararmu. An ɓare masara, edita ya gama a watan Nuwamba. Kafin a ce an kammala, a tara manoma 10 ko 15 waɗanda ba su da hannu a aikin, a nuna musu, a yi shiru a saurari inda suka yi gardama da inda suka ce a mayar baya. Shirin Digital Green da ya faro a Indiya a 2006 a kan haka ya ginu: manoman gari su ne a cikin bidiyon, ana nuna shi ga ƙananan rukunoni da 'yar majigi mai batir, mai jagora na tsayar da shi ana tattaunawa. Manomi ya fi gaskata maƙwabcinsa mai magana da harshensa a gona irin tasa.

Sannan a tuna manomi ba ya buƙatar darasin shuka a Nuwamba. A watan Afrilu yake buƙatarsa, lokacin da yake sharar gona yana lissafin iri da taki. Saboda haka ranar sakin aiki ma tana cikin jadawali, da kuɗinta. A fitar da cikakken bidiyon don nunawa a taro. A yanka shi gajeru-gajeru, minti 1 ko 2, kowane mataki da nasa, marasa nauyi, don WhatsApp da Facebook, a riƙa sakin kowanne mako guda kafin lokacin aikinsa. A fitar da sautin kaɗai don rediyo da masu ƙananan wayoyi. A kai kwafi shagunan masu caji da tura fina-finai a kasuwannin Funtua da Dandume da Bakori, da wajen dillalan taki, tun kafin ruwan farko ya sauka.

A nan za mu dakata a shirin namu na yau. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)