Kalaman Kora a Ingilishin Yau da Kullum: Matakansu da Matsayinsu a Manhaja

Gabatarwa

Littattafan koyar da Ingilishi a makarantunmu sun fi mayar da hankali ga nahawu da kalaman ladabi. Amma ɗalibi yakan ci karo da kalaman kora a fina-finai da intanet, ya kwashe su ba tare da sanin nauyinsu ba. A wannan maƙala za mu kwatanta wasu daga cikinsu, mu nuna cewa ba duka suka taru suka zama ɗaya ba.

Tun a 1972 Dell Hymes ya nuna cewa sanin harshe ya haɗa da sanin abin da ya dace a faɗa, da wanda za a faɗa wa, da kuma lokacin faɗar. A 1983 Jenny Thomas ta ƙara da cewa kuskuren nahawu akan ɗauke shi a matsayin ƙarancin ƙwarewa, amma kuskuren dacewa akan ɗauke shi a matsayin rashin tarbiyya.

Matakan Kaushi

Mun karkasa kalaman zuwa matakai uku.

Mataki na farko shi ne umarni tsagwaronsa, kamar "go away" da "get out". Kalmomin ba su da aibi a karan kansu. Kaushin yana zuwa ne daga sigar umarni da ɗaga murya. "Go away" ya yi kusa da "tafi ka ba ni wuri". Shi kuwa "get out" yana buƙatar wurin da za a fita daga cikinsa, kamar ɗaki ko mota, daidai da "fita!"

Mataki na biyu shi ne sara mai ɗauke da raini. Amurkawa sukan ce "beat it" ko "scram", kuma na biyun ya fara tsufa, an fi faɗa wa yara. Mutanen Ingila sun fi cewa "clear off" ko "push off". "Buzz off" yana kamanta mutum da ƙwaro mai damu da ƙara. "Get lost" ya zama ruwan dare a ƙasashen biyu, ya kuma yi kama da "ɓace mini da gani".

Mataki na uku shi ne na ashar, kamar "piss off" da "sod off", waɗanda aka fi ji a Ingila. Ƙamusoshin masu koyo sukan sanya musu alamar gargaɗi. Faɗar su ga malami ko shugaba a wurin aiki na iya jawo hukunci.

Wajibi ne a lura cewa muhalli yakan sauya ma'ana. Idan Ba'amurke ya ce wa abokinsa "get out of here!" cikin dariya, mamaki yake nunawa, kamar a ce "kai, haba!" Haka nan tsakanin abokan wasa Bahaushe yakan ce "ɓace daga nan" ba tare da an ji haushi ba.

Shawarwari

Na ɗaya, a koyar da waɗannan kalamai a babbar sakandare domin ganewa, ba domin amfani ba. Ɓoye su ba ya hana ɗalibi jin su, yana dai hana shi sanin haɗarinsu.

Na biyu, kowane kalami a haɗa shi da takwaransa na ladabi, misali "could you excuse us, please?", wanda ya yi daidai da "don Allah ɗan ba mu wuri".

Na uku, a fara darasin daga Hausa. Ɗalibin da ya san ba a ce wa babba "fita" ya riga ya mallaki ma'aunin; aikin malami shi ne ya ɗora kalaman Ingilishi a kansa.

Kammalawa

Magana zarar bunu ce. Manhajar da ta koyar da gina jimla, ta bar nauyin jimlar, ta yi rabin aiki ne.