Tazarar Da Ido Ba Ya Gani A Cikin Tirela

 Mu dai mutane ne masu awo da ido: mu dubi sa a kara, mu shafa tozo, mu faɗi kuɗinsa. To amma a cikin motar da ke kai mana dukiya kurmi akwai awon da ido ba ya yi, kunne ma yakan yaudari mutum.

A kan inji akwai bawul-bawul, wasu na shigar da iska, wasu na fitar da hayaƙi. Tsakanin bawul da ƙarfen da ke danna shi an bar ƴar tazara da gangan, domin ƙarfe idan ya ɗau zafi miƙewa yake yi. A yawancin manyan motocin dizal tazarar nan tana tsakanin milimita 0.2 da 0.6, wato kaurin fallen takarda biyu zuwa shida. Ta bawul ɗin hayaƙi ta fi faɗi, don shi ya fi shan wuta. Kowane inji da lambarsa, ta DAF daban, ta MAN daban, kuma galibi sai inji ya huce ake aunawa. Abin awon kuwa wasu siraran ƙarafa ne a haɗe kamar aska, kowane da lambar kaurinsa, kanikawa na ce masa fila geji. Ana zura shi ne ya wuce da ɗan ja kaɗan.

Idan tazarar ta yi yawa, za ka ji inji na ƙas-ƙas-ƙas, mota ta rage ƙarfi. Wannan da sauƙi, tunda ya faɗi ciwonsa. Mugun shi ne idan ta matse. Inji ya yi tsit, direba na ta yabon motarsa, alhali bawul ba ya rufewa sosai, wuta na cin bakinsa a hankali. Ba za ka sani ba sai an ɗau lodi, an wuce Mokwa an haye gadar Jebba, rana ta take, mota ta ce ba ta zuwa. Shanu a cunkushe, ba ruwa, ba inda za a sauke su. Wanda ya kwanta a ciki sauran su tattake shi, sai dai a sa wuƙa a sayar a wulaƙance.

Boris ɗin ƙafa ma haka yake, wasan da ake bar masa da kaɗan ya wuce kaurin gashi. A ɗaure shi tamau ya ƙone, a sake shi ya zubar da mai, ƙafa ta yi ta rawa.

Saboda haka kafin a biya kuɗin mota, ko a Maraɗi ne ko a Mai'aduwa, mu tambayi direba yaushe aka saita tafet, kuma da geji aka yi ko da kunne. In ya ɓata rai, wallahi gara a nemi wata. A hanya kuma duk inda aka tsaya duba shanu, yaron da ke rakiya ya zagaya ya kai hannu kusa da cibiyar kowace ƙafa. Wadda ta fi ƴan'uwanta zafi, kada a tashi sai bakanike ya gan ta.