Mene Ne Ƙawancen Makarantun Firamare da Ƙasashen Waje?

Ƙawancen makarantu shi ne firamare biyu a ƙasashe daban-daban su amince su riƙa aiki tare. Malamai su zaɓi darasi guda, misali ruwan sha ko tsaftar muhalli, kowane aji ya nazarce shi a garinsu, sannan a yi musayar wasiƙu, zane-zane da hotuna. A Najeriya, an taɓa gudanar da shirin Connecting Classrooms na hukumar British Council, wadda ke da ofis a Kano. Ya haɗa makarantunmu da na Birtaniya.

Ga ɗan aji biyar a unguwar Gyallesu ta Zazzau, ribar farko ita ce rubutu. Yaron da ya san wani tsaransa a Ingila zai karanta wasiƙarsa yakan zage ya gyara Turancinsa. In aka tambaye shi labarin ganuwar Zazzau ko hawan Sallah, sai ya koma wurin kakanninsa ya tambayo, ya ƙara sanin gida.

Malamai kuwa sukan ga yadda wasu ke tsara darasi, su ma su nuna gwanintarsu ta riƙe aji mai cunkoso. Haɗin gwiwa da waje ba baƙon abu ba ne a nan: a 1962 aka kafa kwalejin horar da malamai kusa da Gyallesu da tallafin UNESCO.

Abin da ke kashe ƙawance shi ne a mayar da shi roƙon kwamfuta da littattafai. Haka kuma in malami ɗaya ne ke riƙe da shi, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki sai zumuncin ya yanke. Don haka shugaban makaranta da kwamitin iyaye su shiga tun farko.